Yadda Ake Raba Muƙamai da Ayyuka a Ƙungiyar Zumunci da Taimakon Juna

Da wuya a sami unguwa ko kasuwa a ƙasar Hausa da babu ƙungiyar zumunci a cikinta. Akwai ta 'yan gari ɗaya da neman abinci ya haɗa su a wani birni, akwai ta tsofaffin ɗalibai, da ta teloli da direbobi da mahauta, da ta zuri'a ɗaya da ta yaɗu har jikoki suka daina sanin juna. Abin da ya tara su kusan iri ɗaya ne: dubiyar maras lafiya, tsayawa a kan jana'iza, gudummawar biki da suna, da tallafa wa marayu da wanda kasuwa ta juya wa baya. Na daɗe ina zama a irin waɗannan tarurruka, kuma yawancin ƙungiyoyin da na ga sun watse sun faro ne da kyakkyawar niyya. Abin da ya ci su shi ne, ranar kafuwa an raba wa mutane sunayen muƙamai, amma ba a faɗa wa kowa iyakar aikinsa ba, har aka wayi gari kuɗi da littafi da ikon kashewa duk sun taru a hannun mutum ɗaya. Wannan jagora ta bi matakan ne ɗaya bayan ɗaya, daga kafa tsari zuwa miƙa ragama.

Mataki na farko: ku tantance irin ƙungiyar da kuke kafawa

Kafin a zaɓi kowa, sai an amsa tambaya guda: shin za a riƙa juya kuɗin a raba wa mambobi riba, ko kuwa asusun taimako ne kawai? Amsar ita ce ke nuna ƙofar da za a bi a Nijeriya. Idan za a yi sana'a da kuɗin a raba riba, to ƙungiyar gama-kai ce, kuma rajistarta tana hannun ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiharku. Idan taimako ne zalla, kuma kuna so ƙungiya ta mallaki fili ko ta buɗe asusun banki da sunanta, sai a nufi Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a sashen da ya shafi amintattu, wato masu riƙe kadarorin ƙungiya a idon doka. Dokar ta nemi a naɗa amintattu aƙalla biyu, a miƙa kundin tsarin mulkin ƙungiya da bayanan taron da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani yana da ƙorafi. Wajibi ne mambobi su san tun farko cewa ƙungiyar da aka yi wa irin wannan rajista ba ta raba wa mambobinta riba, kuma ko da an rushe ta, dukiyar da ta rage bayan biyan basussuka ana miƙa ta ne ga wata ƙungiya mai manufa irin tata.

Ƙaramar ƙungiyar unguwa mai mutum ashirin za ta iya fara aiki ba tare da wannan ɗawainiya ba, amma ko ita ba ta da uzurin rasa rubutaccen tsari.

Mataki na biyu: a rubuta aikin kafin a zaɓi mutumin

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Idan aka riga aka zaɓi Alhaji wane a matsayin shugaba, sannan aka zo rubuta iyakar ikon shugaba, kowane layi da aka rubuta zai zama kamar da shi ake, kuma kunya za ta hana mutane faɗin gaskiya. Saboda haka a naɗa kwamitin riƙo na mutum uku ko biyar, su rubuta aikin kowane muƙami, da tsawon wa'adinsa, da yadda ake cire wanda ya gaza, a karanta a gaban kowa a amince, sannan a sa ranar zaɓe.

Batun wa'adi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin al'adarmu tana da nata tsarin da ya bambanta da wannan. Sarkin Pawa da Sarkin Ƙira da Sarkin Aska naɗa su ake yi, kuma galibi suna riƙe da sarautar har ƙarshen rayuwa. Tsari ne mai daraja da ya daɗe yana riƙe da masu sana'a, amma shugabancin ƙungiyar da ke tara kuɗin mutane duk wata aikin wakilci ne mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Shawarata ita ce shekara biyu, a iya sabuntawa sau ɗaya. Wanda ya yi aiki nagari ya gama wa'adinsa, akwai kujerar iyayen ƙungiya tana jiransa. A kuma rubuta cewa ba a haɗa muƙami biyu a hannun mutum ɗaya, kuma wa da ƙane, ko uba da ɗa, ko maigida da yaron shagonsa, ba za su riƙe muƙaman kuɗi a lokaci guda ba. A ƙungiyar zuri'a, inda kowa ɗan'uwan kowa ne, sai a kula su fito daga ɗakuna daban-daban.

Zaɓen kansa kada a ba waɗanda ke takara su gudanar da shi. Dattawa biyu ko uku da ba sa neman komai su karɓi sunaye, su ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a. Na fi son a rubuta a takarda a kan ɗaga hannu, domin yaro ba zai iya ɗaga hannu ya ƙi maigidansa yana kallonsa ba.

Mataki na uku: shugaba da mataimakinsa

Aikin shugaba na farko shi ne jagorantar taro: ya buɗe da addu'a ko ya ba wani ya yi, ya tabbatar adadin mahalartan da tsarin mulki ya gindaya ya cika kafin a zartar da wani hukunci, ya bi ajanda, ya ba kowa damar magana, sannan ya taƙaita abin da aka cim ma da bakinsa domin sakatare ya rubuta. Shugaba nagari shi ne na ƙarshen faɗin ra'ayinsa, saboda da zarar ya fara, rabin zauren zai yi shiru. Shi ne kuma fuskar ƙungiya a gaban mai unguwa ko hakimi ko wata hukuma, kuma shi ke sa hannu a kan izinin fitar da kuɗi. Amma ba ya karɓar kuɗin wata daga hannun kowa, ko da a masallaci aka tare shi da su. Ya ce wa mai bayarwa ya kai wa sakataren kuɗi.

Ya kamata tsarin mulki ya ba shugaba wani ɗan adadi da zai iya amincewa a kashe cikin gaggawa, misali idan an kai mamba asibiti da tsakar dare, da sharaɗin ya kawo bayani a taro na gaba. Abin da ya haura wannan adadi sai kwamitin zartarwa, abin da ya haura na kwamiti kuma sai babban taro.

Mataimaki yana riƙe kujera idan shugaba ba ya nan. Don kada ya zama ɗan rakiya, a ɗora masa kula da kwamitoci da bibiyar ayyukan da aka ba mutane.

Mataki na huɗu: sakatare

Sakatare, ko magatakarda, shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, kuma a zaɓe shi don haƙurinsa da riƙon alƙalami, ko da ba shi da yawan magana. Littafi uku suke hannunsa. Na farko rajistar mambobi, mai ɗauke da cikakken suna da lambar waya da ranar shiga da sunan magajin da za a tuntuɓa idan ta Allah ta kasance. Na biyu littafin halartar taro. Na uku littafin bayanan taro, wanda ake kira minit, kuma ya kasance ɗinkakken littafi mai lambobin shafi, wanda ba a iya cire masa takarda ba a gane ba.

Ba duk abin da aka faɗa ake rubutawa ba. A rubuta rana da wuri da waɗanda suka halarta, da batun da aka tattauna, da hukuncin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aikin, da ranar da zai kawo rahoto. Idan gardama ta yi zafi har aka faɗi maganar da ba ta dace ba, ba aikin sakatare ba ne ya adana ta. A taro na gaba ya karanta, a gyara in da gyara, wani ya nemi a amince wani ya goya masa baya, shugaba da sakatare su sa hannu. Shi ne kuma ke aika sanarwar taro da ajanda aƙalla mako guda kafin ranar. Zauren WhatsApp yana da amfani wajen sanarwa, amma a rubuta a tsarin mulki cewa ba a yanke hukuncin kuɗi a cikinsa, domin akwai dattawan da ba sa duba waya, kuma saƙo yana gogewa.

Mataki na biyar: hannu uku a kan kuɗi

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne nake roƙon mai karatu ya fi natsuwa. Ƙa'idar ita ce wanda ya karɓi kuɗi daban, wanda ya ajiye daban, wanda ya ba da izinin kashewa daban. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta fara aiki da matan karkara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a kan tsarin asusu da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, kuma daga nan ne tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Akwatin kuɗin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, wadda ke ajiye akwatin a ɗakinta ba ta da makulli ko ɗaya, sannan akwai masu ƙirga kuɗi biyu da ke ƙirgawa a gaban kowa. Ba a buɗe akwatin sai a taro. Matan da yawancinsu ba su yi karatun boko ba sun riƙe amanar juna da wannan dabara, kuma ita ce dai ake buƙata a ƙungiyar 'yan kasuwa mai asusun banki.

Sakataren kuɗi shi ke karɓar kuɗin shiga da kuɗin wata da tara da gudummawa. Kowace naira ya ba da rasit mai lamba, kwafi ya zauna a littafi, sannan ya shigar a babban littafin da kowane mamba yake da shafinsa. Kafin a tashi daga taro ya faɗi jimlar abin da aka tara da babbar murya, ya miƙa wa ma'aji, ma'aji ya ƙirga ya sa hannu cewa ya karɓa. Shi ne kuma ke fitar da sunayen waɗanda ake bi bashi, kuma ya kyautu ya fara tuntuɓar mutum a keɓe kafin a karanta sunansa a zaure.

Ma'aji shi ke ajiya. Ya kai kuɗin banki cikin kwana biyu na aiki, ya kawo shaidar biya a taro na gaba. Ba ya fitar da ko kwabo sai da takardar izini mai sa hannun shugaba da sakatare, wadda ta ambaci taron da ya amince da kashewar. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa, kuma saƙon alat ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya. Banki zai nemi takardar rajista da tsarin mulki da bayanan taron da ya amince a buɗe asusun, da BVN na masu sa hannu, kuma bankuna da dama kan nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC. Kada a taɓa sa hannu a kan cek da ba a cike ba da sunan sauƙaƙa aiki. Kada kuma a yarda mambobi su riƙa tura kuɗin wata zuwa asusun ma'aji na kansa.

Na ga illar wannan da idona a wata ƙungiya da na yi wa sakatare. Ma'ajinmu mutumin kirki ne, ɗan kasuwa, kuma a asusunsa muke tara kuɗi saboda mun yarda da shi. Da ya rasu ba zato, kuɗinmu suka cakuɗe da dukiyar magada, babu wata takarda da ta raba su. Muka rasa yadda za mu tunkari iyalinsa suna cikin makoki, su kuma suka shiga zullumin ko mahaifinsu ya tafi da haƙƙin mutane a wuyansa. Mun yi wa mamacin rashin adalci da sakacinmu, domin mun bar masa nauyin da takarda ɗaya za ta sauke masa. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya ce neman rasit rashin yarda ne cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Idan ƙungiya tana ba da rance, a rubuta iyakarsa da wa'adin biya, a sami mambobi biyu da za su tsaya wa mai karɓa, kuma shugabanni kada su karɓi rance sai babban taro ya amince.

Masu binciken kuɗi, wato odita, mutum biyu ne da babban taro ke zaɓa daga wajen kwamitin zartarwa. Duk wata uku ko shida su karɓi littafin rasit da littafin ma'aji da takardar bayanin asusu daga banki, su gwada su da juna: abin da aka karɓa, shi ne ya shiga banki? Abin da ya fita, akwai izininsa da rasit ɗin abin da aka saya? Rahotonsu ga babban taro suke kai shi kai tsaye, ba ya bi ta hannun shugaba.

Mataki na shida: jami'in walwala

Saboda aikin wannan mutum aka kafa ƙungiyar, don haka a zaɓi mai ƙafa, wanda ya san gidan kowa, mai kuma riƙe sirri. Zumunci a ƙafa yake. Shi ne ake fara kira idan an kwantar da mamba a asibiti ko an yi haihuwa ko rasuwa, shi ke sanar da shugaba da sakatare, ya tsara waɗanda za su je dubiya ko ta'aziyya, ya kai gudummawa ya dawo da sa hannun wanda ya karɓa.

Babban abin da zai kare shi daga zargi shi ne rubutaccen jadawalin gudummawa: nawa ake bayarwa idan mamba ya rasu, nawa idan matarsa ko ɗansa ko mahaifinsa ne, nawa na aure, nawa na suna, nawa na jinya, kuma wata nawa mutum zai yi yana biya kafin ya cancanta. Idan babu wannan jadawali, za a kai wa mai hali gudummawa mai tsoka saboda idon jama'a, a kai wa talaka abin da ya samu, kuma daga nan ɓaraka take farawa. A kuma yanke tun da wuri abin da za a yi idan musiba ta sami wanda ake bi kuɗin wata da yawa. Ra'ayina shi ne a je masa, a yi masa abin da ya dace, a cire bashin daga gudummawar in ya zama dole, amma kada a ƙaurace wa gidan makoki saboda lissafi.

Aikin ba ya ƙarewa ranar jana'iza. Matar mamacin tana takaba wata huɗu da kwana goma, kuma a wannan lokaci ne masu ta'aziyya ke ɗaukewa, buhun abinci ke ƙarewa. Jami'in walwala ya riƙe sunayen marayun mambobi da makarantunsu, ya kawo maganarsu a farkon kowane zangon karatu, kuma ya fi kyau a biya kuɗin makaranta kai tsaye a karɓo rasit. Inda ƙungiya ta maza ce, a sami dattijuwa daga matan mambobi da za ta riƙa shiga wajen iyalin. Akwai kuma mamban da zai kwana da yunwa bai faɗa ba. Irin wannan sai jami'in walwala ya kai maganarsa ga shugaba da ma'aji kaɗai, a rubuta adadin a littafi, masu bincike su ga sunan, amma kada a karanta shi a zaure.

Mataki na bakwai: sauran muƙamai

Mai tsawatarwa yana kula da tsarin zama da lokaci, yana rubuta masu makara, yana hana katse mai magana. Tarar da ya yanke sakataren kuɗi ne ke karɓa. Jami'in hulɗa da jama'a yana isar da abin da aka amince ne kawai, ba ya magana da sunan ƙungiya a kan siyasa ko wani rikici sai da izini.

Amintattu su ne masu riƙe kadarorin ƙungiya a idon doka, kuma da sunansu ake shiga kotu. Dokar 2020 ta hana naɗa yaro, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka ayyana arzikinsa ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Su ne ke da alhakin ganin an miƙa wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, kuma idan ɗayansu ya rasu ko ya sauka, sai an sanar da hukumar an bi ƙa'idar maye gurbinsa. Iyayen ƙungiya kuwa aikinsu nasiha da sulhu ne. Idan shugaba da ma'aji suka saɓa, gabansu ake zuwa kafin maganar ta fita waje. Ba sa sa hannu a banki, kuma yawan gudummawar uban ƙungiya ba ya ba shi ikon soke abin da taro ya yanke.

Mataki na takwas: miƙa ragama

Wata guda kafin zaɓe, masu bincike su kammala aikinsu a karanta rahoton a babban taro, domin mutane su yi zaɓe suna sane da halin da asusu yake ciki. Bayan zaɓe a ba tsofaffin shugabanni mako biyu su miƙa komai a gaban iyayen ƙungiya. Kowane jami'i ya rubuta abin da ke hannunsa: sakatare ya kawo littattafansa uku da hatimi da takardar rajista da takardun fili, sakataren kuɗi ya kawo littattafan rasit, waɗanda aka cike da waɗanda ba a taɓa ba, da jerin basussuka, ma'aji ya kawo littafin cek da bayanin asusu na ranar, jami'in walwala ya kawo sunayen marayu da alkawuran da ba a cika ba. Kujeru da rumfuna da tukwanen da ake bayarwa haya a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu a kan kwafi biyu.

A cikin makon nan kuma sabon sakatare ya rubuta wa banki wasiƙar sauya masu sa hannu, haɗe da bayanan taron zaɓe, a sauya lambobin wayar da alat ke zuwa, a kuma miƙa ikon kula da zauren WhatsApp ga sababbin shugabanni. Har sai banki ya tabbatar da sauyin a rubuce, duk kuɗin da za a fitar sai sabon shugaba da sabon sakatare sun sa hannu a takardar izini, ko da tsofaffin masu sa hannu ne za su je bankin.